Bayan kensho: shin cakra da kundalini za su iya bayyana matakan ƙarshe na Zen?

Ɗan Autan Zaure:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga malamanmu masu nazarin addinan Asiya. A Zen, reshen addinin Buda na Sin da Japan, buɗin farko na farkawa da suke kira kensho ba shi ne ƙarshen tafiya ba. Hotuna goma na kiwon sa, misalin tafiyar mai neman farkawa, waɗanda Kakuan ya tsara a ƙasar Sin a ƙarni na 12, a hoto na 3 kacal suka ajiye hango san, wato kensho. Saura bakwai a gaba: kama shi, horar da shi, hawansa a koma gida, mancewa da san, mancewa da sa da makiyayi baki ɗaya (a nan ba a zana komai ba sai da'ira fayau), komawa tushe, sannan shiga kasuwa da hannu a buɗe. To yanzu akwai masu cewa waɗannan bakwai ɗin ba komai ba ne illa hawan kundalini, ƙarfin da 'yan yoga suka ce yana kwance a gindin gadon baya, daga cakra zuwa cakra, wato cibiyoyin da suka jera a kan gadon bayan, sai dai mutanen Zen ba su kira shi da wannan suna ba. Fassarar nan tana da tushe kuwa, ko haɗe-haɗe ne na 'yan zamani?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam Auta. Tana da abin kamawa, amma bari in shimfiɗa tsarin yogar tukuna don kowa ya san a kan me muke magana. Hatha Yoga Pradipika na Svatmarama, littafin ƙarni na 15, ya ce jikin mutum na da magudanan iskar rai 72,000. Magudanan su ne nadi, iskar kuma firana. Uku ne manya: ida ta hagu mai sanyi, fingala ta dama mai zafi, sai sushumna a tsakiya tana bin gadon baya. A wurin gama-garin mutum iskar tana kai-komo ne tsakanin hagu da dama, ta tsakiyar a toshe take, kundalini na kwance a naɗe a bakinta. Aikin ɗan yoga shi ne ya tura iskar ta shiga tsakiya. Yana yi ne da riƙe numfashi haɗe da makullai uku: ya matse tsokar da ke tsakanin dubura da al'aura, ya shafe ciki ya ja shi sama, ya sauke haɓa kan ƙirji.

A kan hanyar akwai ƙulli uku, na Brahma, na Bishnu da na Rudra, kuma babi na 4 na littafin ya kasa tafiyar gida huɗu. A aramba ƙullin farko ke fashewa, mutum ya riƙa jin wata siririyar ƙara a ƙirji. A gata iska ta shiga tsakiya, zama ya daidaita, ƙulli na biyu ya fashe, ana jin sautin tambari. A faricaya sautin ganga ne a tsakanin gira. A nishfatti ƙullin Rudra ya tafi, sai sautin sarewa.

Yadda nake jera su: hoto na 3 shi ne fashewar ƙullin farko. Daga 4 zuwa 6, kokawa da san har ya yi laushi, shi ne matakin gata, lokacin da iska ke shiga tsakiya tana fita har ta zauna. Na 7 da na 8 su ne isa tsakar ka, inda tunani ke ɗaukewa. Na 10 kuwa shi ne abin da 'yan yoga ke kira sahaja, wato halin ya zama ɗabi'a ko a cikin hayaniya.

Malam Mai Tarihi:
Baban Yara, jerin ya yi kyau a ido, amma kama da wane ba ta wane. Babbar matsalarsa alƙibla ce. Kundalini sama take nufa. Shi kuwa malamin Zen da ya fi kowa yin bayani a kan ƙarfin jiki bayan kensho, cewa ya yi a saukar da shi ƙasa, kuma hawansa sama shi ne ainihin ciwon.

Hakuin Ekaku nake nufi, 1686 zuwa 1769, wanda kusan duk silsilar Rinzai, ɗaya daga manyan makarantun Zen na Japan, a yau ta bi ta kansa. A 1708 ya sami kensho a gidan ibadar Eiganji da jin ƙararrawa daga nesa. Ya ɗauka ya gama. Da ya je wurin tsoho Shoju a Iiyama, tsohon ya yi ta kiransa shaiɗanin da ya maƙale a rami. Bayan haka ya ƙara matsa wa kansa, sai ya kamu da abin da suke kira ciwon Zen. Ya lissafa alamominsa a littafinsa Yasen Kanna da aka buga a 1757: wutar zuciya ta hau sama, huhu ya bushe, ƙafafu sun yi sanyi ƙalau, kunne na ƙugi ba tsayawa, hammata kullum cikin gumi, ido cike da ƙwalla, ga tsoro, ga gane-gane ido biyu da cikin barci. Ku lura da kyau: zafi a sama, sanyi a ƙasa. Da mai taswirar cakra ya ji ƙugin kunnen nan, cewa zai yi ai ƙulli ne ya fashe, a ci gaba. Hakuin kuwa magani ya tafi nema.

Ɗan Autan Zaure:
Malam, wane magani ya samu? A ba mu shi dalla-dalla don Allah.

Malam Mai Tarihi:
Ya ce a 1710 ya hau duwatsun Shirakawa kusa da Kiyoto wurin wani mai zaman kaɗaici, Hakuyu. Akwai masu binciken da ke ganin Hakuin ya ƙawata labarin haɗuwar ne don darasin ya shiga kunne, amma hanyoyin biyu da ya rubuta suna nan, har yau ana aiki da su.

Ta farko ita ce naikan. Sharaɗinta na farko shi ne a ajiye ko'an, tambayar da malami ke ba ɗalibi ya yi ta kokawa da ita, da zazen, wato zaman natsuwa, gaba ɗaya na ɗan lokaci, a nemi barci mai kyau. Kafin barcin, mutum ya kwanta rigingine, ya miƙe ƙafafu ya haɗa su, ya tattara ki, wato ƙarfin jikin, ya cika mara da ƙugu da cinyoyi har tafin ƙafa da shi. Wurin da ake nufi a mara shi ne kikai tanden. Kikai na ƙasa da cibiya da faɗin yatsu biyu, wajen santimita 4 zuwa 5, tanden kuma ɗan ƙasa da shi kaɗan, a can ciki, ba a kan fata ba. Yana kwance yana maimaita wa kansa cewa wannan mara da ƙugu da tafin ƙafa su ne fuskarsa ta asali, su ne mahaifarsa. Hakuin ya bugi ƙirji ya ce a yi haka mako ɗaya zuwa uku, in ciwon bai tafi ba a zo a sare masa kai.

Ta biyu ita ce ta man shanu. A zauna a miƙe. A sawwara curin man shanu mai laushi da ƙamshi, girman ƙwan agwagwa, an ɗora shi a tsakar ka. Ɗumin jiki ya fara narkar da shi. Ya jiƙa kai ciki da waje, ya gangaro kafaɗu da hannuwa, ya ratsa ƙirji, huhu, hanta, tumbi da hanji, ya bi ƙashin baya zuwa ƙugu, yana wanke duk wani ƙulli da raɗaɗi, har ya taru a ƙafafu ya tsaya a tafin ƙafa. Daga nan sai a ji kamar an zauna cikin ruwan magani mai ɗumi wanda ya kai cibiya. A sake daga sama.

Inda ake kuskure wuri biyu ne. Na ɗaya gaggawa: a zubo man daga kai zuwa ƙafa cikin numfashi biyu, bai taɓa ko'ina ba. Kowane sashe na bukatar numfashi da yawa kafin a wuce. Na biyu, mutum ya tsaya a kai yana leƙen marar daga sama. In hankali na goshi yana kallon ƙasa, goshin ne zai ci gaba da ɗaurewa. Abin da ake so shi ne jin nauyi da ɗumi daga cikin marar kanta.

Baban Yara:
Madalla Malam, amma ai ka kawo mini hujja ne. Man da ke narkewa daga tsakar ka yana gangarowa, wannan shi ne amrita na 'yan yoga, ruwan da suka ce yana ɗiga daga wata a cikin kai. Kuma ba gaskiya ba ne a ce yoga hawa kawai ta sani. A tummo, aikin ɗumama jiki na Tibet, cikin darussa shida na malamin Buda Naropa, ana kunna wuta a ƙasan cibiya, ta hau ta narkar da ɗigon da ke tsakar ka, shi kuma ya sauko maƙogwaro, ƙirji, cibiya, al'aura, kowane zango da irin farin cikinsa, huɗu ke nan. Ramana Maharshi, malamin Hindu na Indiya wanda ya rasu a 1950, cewa ya yi isa tsakar ka ba ƙarshe ba ne, sai abin ya gangaro ya zauna a zuciya, ta gefen dama na ƙirji. Ya kuma raba tsakanin ɗaukewar da ke zuwa ta tafi da wadda ta zama ɗabi'a. To mene ne hoto na 8 zuwa na 10 in ba wannan ba? An hau an ɓace, an sauko an shiga kasuwa.

Ƙari a kan haka, mafi daɗewar littafin da ya koyar da hata yoga, Amritasiddhi na ƙarni na 11, daga hannun mabiya Buda na tantra ya fito, kuma matakan nan huɗu da ƙulle-ƙullen suna cikinsa. Gida ɗaya ne aka rabu.

Malam Mai Tarihi:
Batun Amritasiddhi gaskiya ne, amma wani reshe ne na addinin Buda, wanda ya bunƙasa a Indiya bayan Can, wato asalin Zen, ta riga ta kafu a Sin da ɗaruruwan shekaru. Hakuin ba daga can ya ɗebo ba. Harshensa na likitancin Sin ne da na masu bin Dawo, tsohuwar aƙidar Sin: zuciya wuta ce, ƙoda ruwa ce, lafiya ita ce wuta ta sauka ruwa ya hau. Yana kafa hujja da maganar Juwangzi, masanin Dawo, cewa mutumin ƙwarai daga diddige yake numfashi, gama-gari kuwa daga maƙogwaro. Tun ƙarni na 6 ma Jiyi, wanda ya kafa makarantar Tiyantai, ya rubuta cewa mai zaman da ya kamu da ciwo ya ajiye hankalinsa ƙasa da cibiya ko a tafin ƙafa.

Sannan a duba amritar da kyau. A hata yoga saukarsa asara ce: yana ɗiga, wutar ciki tana cinye shi, mutum yana tsufa. Shi ya sa suke juya jiki kai ƙasa ƙafa sama, suke danne maƙogwaro da haɓa, don su tare shi. Hakuin so yake ya sauka har tafin ƙafa. Hoto ɗaya, manufa kishiyar juna.

Taswirar cakra bakwai da kowa ke yawo da ita ma ba ita kaɗai ba ce. Ta yaɗu ne daga rubutun Purnananda na ƙarni na 16, wanda John Woodroffe ya fassara zuwa Turanci a 1919. Tsarin tantra na Buda cakra huɗu ya fi amfani da su. Ƙullin Brahma kansa, Pradipika da ƙirji ta haɗa fashewarsa, malaman yoga na yanzu da yawa kuma a gindin ƙashin baya suke ajiye shi. Ma'aunin da bai daidaita a gidansu ba, yaya za a auna hotunan Kakuan da shi? Su ma hotunan ba jeri ɗaya ba ne. Akwai na Puming, inda baƙin sa ke yin fari a hankali, kuma a da'irar ya ƙare, babu kasuwa.

Hajiya Likita:
Malamai, ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren jiki, domin abin da mutanen nan suka ji ba ƙarya ba ne, ko da sunan da suka ba shi ya bambanta.

Baligi a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Wanda ya dage da ko'an yana cije haƙora, kafaɗu a ɗage, numfashinsa kan koma saman ƙirji, gajere mai sauri. Hakan na fitar da iskar kabon dayoksaid fiye da kima. Adadinta a jini ya kamata ya tsaya tsakanin 35 da 45 a ma'aunin milimita na makuri. In ya faɗi, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa kan tsuke, sai jiri, walƙiya a ido, tsirawa a leɓe da yatsu, wani lokaci yatsun su ƙage. Tsoro kuma na janye jini daga hannu da ƙafa, su yi sanyi, gumi ya karyo. Ku koma jerin Hakuin ku gani. Numfashin bastirika na yoga, mai sauri da ƙarfi, shi ma haka yake yi. Yawancin abin da ake cewa lantarki na bin jiki a farkon tafiya, daga nan yake.

Kwanciya rigingine da mai da hankali mara kuwa na sakin tantanin da ke raba ƙirji da ciki, numfashi ya yi zurfi, fitarsa ta yi tsawo, bugun zuciya ya lafa. Sawwara ɗumi da nauyi a gaɓoɓi na iya ƙara gudun jini a fata. Ba ƙaramin abu ba ne: a 1982 Herbert Benson ya auna 'yan zuhudun Tibet uku masu tummo, zafin yatsunsu ya ƙaru har da digiri 8.3.

Gargaɗina uku ne. Cika mara ba yunƙuri ba ne. Wanda ya toshe maƙogwaro ya danna ciki da ƙarfi yana ɗaga hawan jini da matsin ido, yana tsokano basir da ƙaba. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai hawan jinin ido, mai farfaɗiya da mai juna biyu, riƙe numfashi ba nasu ba ne. Na biyu, mijiryar ƙafa a zaman harɗe ba buɗewar nadi ba ce, jijiyar da ta bi gefen gwiwa ta waje ce aka danne. In an tashi ta wartsake cikin 'yan mintuna, babu komai. In tafin ƙafa ya ƙi ɗaguwa, asibiti za a nufa. Na uku shi ne barci. A zaman sesshin, wato kwanakin da ake keɓewa ana zazen ba tsayawa, musamman na Rohatsu da ake yi daga 1 zuwa 8 ga Disamba, barci kaɗan ake yi. Wanda ya kwana biyu ko uku bai runtsa ba kuma bai ji gajiya ba, magana na zuba, yana jin an zaɓe shi, wannan alamar taɓin hankali mai zumuɗi ce, likitan ƙwaƙwalwa yake bukata. Zafin jiki da bugun zuciya da rama kuma a gwada tayirod kafin a ce kundalini ce.

Baban Yara:
Hajiya, ban musa ba, kuma Pradipika kanta ta faɗa. Ta ce yadda ake horar da zaki da giwa da damisa sannu a hankali, haka ake yi wa numfashi, in ba haka ba ya kashe mai shi. Ta lissafa shaƙuwa, asma, tari, ciwon kai da na kunne da na ido a matsayin sakamakon yi ba daidai ba. Gopi Krishna ɗan Kashmir, wanda abin ya taso masa a 1937, ya sha zafi da rashin barci har ya kusa mutuwa. A fahimtarsa ƙarfin ya bi ta fingala ne maimakon tsakiya, kuma ya sami sauƙi da ya karkata hankali ga ida, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai. Wannan da ciwon Hakuin ai 'yan uwa ne.

Yaya Mai Falsafa:
Baban Yara, a kan ciwon na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Jiki ɗaya ne, in an matsa masa iri ɗaya zai yi kuka iri ɗaya. Inda na rabu da kai shi ne mai da alamomin jiki ma'aunin farkawa. Tambayar Auta a kan matakan ƙarshe take, kuma Zen na da nata ma'aunin a rubuce.

Akwai darajoji biyar na Tozan, wanda ya rayu daga 807 zuwa 869. Ta farko, mutum ya ga komai ya narke cikin fanko ɗaya. Ta biyu, ya ga wannan ɗayan a cikin kowane abu da ke gabansa. Ta uku, ya fito daga fankon ya yi aiki. Ta huɗu, ya shiga cikin mutane da rikicinsu ba tare da ya rasa ko ɗaya daga biyun ba. Ta biyar, babu sauran alamar cewa ya kai wani wuri, baitin ya ce ya koma ya zauna cikin gawayi da toka. Hakuin ya yi sharhi a kansu, ya ja kunne sosai a kan ta farko: wanda ya zauna a cikinta yana jin daɗin shirun ya faɗa rami. To wannan shirun da babu tunani, shi ne abin da jerinka ya ɗauka a matsayin isa tsakar ka. A wurin Hakuin ƙofar shiga ce.

Ya kuma haɗa darajojin da hikimomi huɗu na makarantar Yogacara ta Buda, wadda ta kasa sanin mutum gida takwas. Sani na takwas, rumbun da ke ajiye irin ayyuka, ya juye ya zama madubi. Na bakwai, mai cewa ni da nawa, ya zama ganin daidaito. Na shida, mai tunani, ya zama iya bambance abubuwa daki-daki. Gaɓoɓin ji biyar su zama iya aiwatarwa. Biyun ƙarshe su ke ɗaukar shekaru, kuma ba a gane su da zafi ko sauti. A silsilar Hakuin, bayan ko'an na farko, Mu, wato babu, amsar malami Joshu, ko ƙarar hannu ɗaya, ɗalibi na bin rukuni-rukuni: hosshin, kikan, gonsen, nanto masu wuyar ratsawa, sannan darajoji biyar, a ƙarshe dokoki goma na ɗa'a. A lura da abin da aka ajiye a ƙarshe: kada ka kashe, kada ka yi sata, kada ka yi ƙarya. A ɗakin sanzen, inda ɗalibi ke ganawa da malami su biyu, malami ba ya tambayar ina ka ji motsi. Cewa yake nuna mini, yanzu.

Sautuka da haske da jin jiki na shawagi kuwa, sunansu makyo, wato ruɗu. Suttar Shurangama ta lissafa irinsu 50, goma ga kowane ɗaya daga sassa biyar na mutum, tana maimaita hukunci ɗaya: in ba ka ɗauke shi waliyyaka ba, hali ne mai kyau, in ka ɗauka, ka ɓata. Jiyi ya lissafa taɓawa takwas da ke zuwa in natsuwa ta fara kama jiki: motsi, ƙaiƙayi, sauƙi, nauyi, sanyi, ɗumi, kaushi, santsi. A bakin ƙofar natsuwa ya ajiye su. Pradipika kuwa cewa ta yi a bi sautin, a nutse a cikinsa har hankali ya narke. Umarni biyu ne masu karo da juna, ɗalibi ba zai bi duka a zama ɗaya ba.

Ɗan Autan Zaure:
Yaya, to ke nan ki ba shi da wani aiki a matakan ƙarshe?

Yaya Mai Falsafa:
Yana da shi, babba ma, amma aikin ɗaukar kaya ne. Hakuin ya nace cewa natsuwa a cikin aiki ta fi natsuwa a cikin shiru nesa ba kusa ba. Wanda ƙarfinsa ke kai, da an taɓa shi zai tashi. Wanda nauyinsa ke mara zai iya riƙe ko'an yana shara, yana dafa abinci, ana zaginsa. Lokacin da ke biyo bayan kammala ko'an suna kiransa doguwar renon ɗan tayi mai tsarki, kuma labarin gargajiya ya ce Daito, wanda ya kafa Daitokuji, ya yi shekara 20 cikin mabarata a gadar Gojo ta Kiyoto yana wannan reno. Shi Hakuin sai a 1726, shekara 18 bayan ƙararrawar Eiganji, yana karatun Suttar Lotus ya ji kukan gyare, sannan abin ya warware masa. Daga nan sauran rayuwarsa koyarwa ce, da zane da rubutu don manoma. Naikan ce ta ba shi jikin da ya kai shekara 83 yana wannan aiki.

Hajiya Likita:
Akwai wani gwaji da ake yawan kawowa a nan. A 1961 Anand da abokan aikinsa a Delhi sun auna ƙwaƙwalwar 'yan yoga cikin samadi, wato nutsewar hankali, suka ga ƙara mai ƙarfi ba ta katse musu zangon alfa, motsin lantarkin ƙwaƙwalwa na lokacin natsuwa. A 1966 Kasamatsu da Hirai a Japan suka auna masu zazen, suka ga kowane ɗan ƙyas na katse shi na ɗan lokaci, kuma ba sa sabawa da shi ko an maimaita. Sai aka ce ga shi nan, yoga rufe ƙofa take, Zen buɗewa. Amma a 1981 Becker da Shapiro sun sake gwajin ba su sami wannan bambanci ba, don haka kada a jingina da shi da yawa. Wanda ya fi amfani shi ne binciken Lindahl da Britton na Jami'ar Brown a 2017. Sun tattauna da masu zaman natsuwa 60 daga Zen, Terabada da tsarin Tibet, suka fitar da nau'i 59 na abubuwan da ke samun mutum, ciki har da jin wani ƙarfi na bin jiki. A dukkan hanyoyin uku ana samunsa, har ga waɗanda ba a taɓa koya musu cakra ba.

Baban Yara:
To ai maganata ke nan, Hajiya. In yana zuwa ko ba a kira shi ba, gara ɗalibi ya san taswirar. Malamin Zen da zai ce wa mai rawar jiki da zafin gadon baya makyo ne, ci gaba da zama, ya bar shi cikin duhu. Yoga aƙalla ta san hagu da dama, ta san abin sanyayawa da abin zafafawa. Na janye batun jera ƙulli da hotuna ɗaya bayan ɗaya, Malam ya rusa shi da hujja. Amma ban janye cewa hoto na 4 zuwa na 6 aikin jiki ne ƙwarai ba. Sharhin Mumon na 1228 a kan Mu ya ce a yi tambayar da ƙasusuwa 360 da ƙofofin gashi 84,000, har ta zama kamar an haɗiyi dunƙulen ƙarfe mai zafi, ba ya haɗiyuwa ba ya amayuwa. Wannan ba bayanin tunani ba ne.

Dattijon Zaure:
Ku gafarce ni in ƙara ɓangaren Soto, ɗaya babbar makarantar Zen ta Japan, don kada a ɗauka Zen duka Hakuin ce. Dogen, wanda ya kafa ta a Japan, 1200 zuwa 1253, bai yarda da tsani ba sam. A wurinsa zama da farkawa abu ɗaya ne, don haka tambayar wane mataki ta faɗi tun daga tushe. Umarninsa na jiki ne zalla: kunne daidai da kafaɗa, hanci daidai da cibiya, harshe a manne da dasashin sama, ido a buɗe, numfashi ta hanci a hankali, hannun hagu a kan na dama, manyan yatsu na taɓa juna.

Amma Keizan, wanda ya zo bayansa a silsilar, ya ba da abin da Baban Yara ke nema, a taƙaice. In hankali ya dushe, barci na fizga, a ajiye shi a gaban goshi inda gashi ya fara, ko tsakanin gira. In ya warwatse, a ajiye shi a kan hanci ko a tanden. In lafiya lau ake, a bar shi a tafin hannun hagu. Wato sama da ƙasa duka ana amfani da su, gwargwadon abin da ya karkace a wannan zaman. Kuskuren da ake yi shi ne a mai da tsakanin gira mazaunin dindindin saboda an karanta cewa can ne ido na uku. Mai yawan tunani da ya yi haka na makonni, ciwon kai da matsin goshi da rashin barci ne za su biyo baya.

Ɗan Autan Zaure:
Baba, na gode. Tambaya ta ƙarshe ga duk wanda zai amsa: wanda zafin kan ya riga ya kama shi, me zai fara yi?

Malam Mai Tarihi:
Ya bi jerin Hakuin yadda yake. Ya ajiye ko'an da duk wani riƙe numfashi nan take, ya sanar da malaminsa. Ya gyara barci da abinci kafin komai, kada ya haɗa da azumi. Ya rage zama, in yana yin minti 40 ya koma 15 ko 20, ya ƙara kinhin, wato tafiya a hankali cikin natsuwa, da aikin hannu, shara ko noma, abin da zai sa ƙafa ta ji ƙasa. Da dare naikan a kwance, da rana man shanu sau ɗaya ko biyu. In zai ƙirga numfashi, fitarsa kawai zai ƙirga, 1 zuwa 10, ba tare da ya ja shi da ƙarfi ba. Alamar gyaruwa ita ce ƙafa ta yi ɗumi, kai ya yi sanyi, barci ya dawo. Ko'an kuwa malamin ne zai ce ga ranar komawa.

Hajiya Likita:
Da sharaɗi ɗaya, Malam. Makonni ukun nan na wanda ke barci ne ko da kaɗan, kuma ya san inda kansa yake. Wanda ya kwana uku ido biyu, ko yake jin muryoyi bayan ya tashi daga zama, ko ƙirjinsa ke ciwo, ko tunanin cutar da kansa ya zo masa, ba zai jira ko kwana ɗaya ba. A kai shi asibiti a ranar, kuma a faɗa wa likita irin zaman da yake yi da awa nawa yake yi a rana, don a san inda za a fara dubawa.